Ranar Da Na Rako Akwatin Da Ya Kayar Da Ni

Ku 'ya'yana, na san kun tashi kuna jin maganganu iri-iri a kan zaɓena na biyu. Wasu sun ce muku tsoro na ji, wasu sun ce baki na haɗa da abokin takarata, har akwai wanda ya taɓa tare babbanku a kasuwa ya ce masa ni na kai wana ƙara wurin 'yan sanda. Ban taɓa zaunar da ku na warware muku ba, domin waɗanda abin ya shafa suna raye a lokacin, kuma ban so a sake ɗaga maganar da ta kwanta. Yanzu yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, ni ma ƙafa ta fara nauyi. Gara ku ji daga bakina.

Ni ba ɗan siyasa ba ne tun asali. Malamin gona ne ni, ina yawo a kan babur daga wannan ƙauye zuwa wancan a ƙasar Tambuwal, ina nuna wa mutane yadda ake zuba taki da feshin wake. Wana, Yaya Mamman, shi ya ja ni cikin takara. Shi falken hatsi ne, babu kasuwar da ba a san shi ba daga Jabo har Sanyinna, kuma babu mai garin da bai taɓa cin tuwo a zaurensa ba. Shi ya ɗauke ni gida-gida, shi ya koya mini inda ake cire takalmi da inda ake yin shiru. Na ci zaɓen farko, na tafi Majalisar Dokokin Jiha a Sakkwato, amma kowa a gari ya san cewa kujerar tamu ce mu biyu. Abin da na fi alfahari da shi a wa'adin nan shi ne injinan ban-ruwa da na yi ta naci har aka raba wa manoman fadama. Garin da ya fi kowanne amfana shi ne Tungar Alu, garin su Inna mahaifiyata, can bakin iyakarmu da ƙasar Kebbe, inda wanta Kawu Magaji yake mai gari.

A gefen fadamar Tungar Alu akwai burtali, hanyar shanu da ta fito daga dajin Kebbe ta gangara zuwa mashaya. Tsofaffi sun ce tun zamanin jihadi, kafin a san Turawa, aka shata ta, aka shuka aduwa dama da hagu don kada wani ya ce bai ga iyaka ba. To da albasa ta yi daraja, ga inji ya samu, sai kowace shekara mai lambu ya ɗan ci kunyar noma ɗaya daga cikin hanyar, maƙwabcinsa ma ya ci ɗaya, har hanyar da garke ke bi a sake ta koma kamar hanyar zuwa rijiya. Ana cikin ranin shekarar zaɓe sai shanun Arɗo Ja'e suka taho da ƙishirwa, suka ji ƙanshin ruwa, suka ɓalle. Kafin a tare su sun tattake lambuna da dama. Samarin gari suka fito da sanduna da gatura, aka karya hannun ɗan Arɗo, aka sare agarar wata saniya. Fulani suka ja da baya cikin daji, labari ya fara yawo cewa sun aika wa 'yan'uwansu. Mata a Tunga suka daina zuwa itace.

Abokin takarata, Alhaji Ladan, bai yi sanya ba. Ya je garin ya tsaya a kan mota ya ce in aka zaɓe shi, ko kofato ɗaya ba zai sake taka mashayar nan ba. Aka yi ta guɗa. Kashegari Kawu ya aiko mini cewa mutane suna jiran su ji tawa.

Kafin in tafi, ranar kasuwar Tambuwal, Arɗo Ja'e ya same ni a ƙofar gida. Dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Ya ƙi shiga zaure, ya tsuguna a inuwar bango ya dogara sandarsa a kafaɗa.

"Honarabul," in ji shi, "mun san ba mu da ƙuri'a mai yawa. Shanu ba su dangwala yatsa. Amma kuma ba su san haƙurin ƙishirwa ba. Ina riƙe da yarana, hannuna ya fara gajiya. In kai ma ka hau mota ka faɗi abin da wancan ya faɗi, to sun san ba su da kowa ga hukuma."

Bai jira amsata ba, ya tashi ya kama hanya.

Da la'asar ɗin ranar muka zauna a rumfar Inna, ni da Yaya Mamman. Inna tana tsintar wake a faifai, ba ta ɗaga kai ba. Yaya ya ce ba wani abin wahala ba ne.

"Ka tahi ka ce musu abin da suka son ji. In munka wuce zaɓe sai a zauna a gyara. Wa ya taɓa cika alkawarin kan mota?"

Na ce masa burtalin nan haƙƙin mutane ne, kowa ya san haka, shi ma ya sani. Sai Inna ta ajiye faifai. Ba ta kiran sunan Yaya saboda ɗan fari ne, amma ni tana kira na Bube.

"Bube, ka ji maganar wanka. Garin nan gidan ubana na. Can anka binne shi. Kar ka je ka tsaya gaban dangina ka kunyata ni saboda shanun wasu."

Na tashi na fito. Uwarku Hajiya Rabi tana madafi ta ji komai, domin zana ce kawai tsakani. Ba ta cika sa baki a sha'anin siyasa ba, amma da na zo wucewa ta ce, ba tare da ta bar tuƙin tuwonta ba:

"Alhaji, in ka yi alkawarin nan, kafin ka dawo gida Fulani sun ji. Su ba su san maganar kan mota daban take ba. Bayan nan wa zai iya barci a Tunga?"

Wannan maganar ita ta bi ni har Tungar Alu. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Kawu, gari duk ya fito, har waɗanda aka tattake wa albasa suna gaba-gaba. Na tashi na yi musu jaje. Na ce zan tsaya tsayin daka a biya su ɓarnar da aka yi musu, kuma zan nemi uban ƙasa ya yanka wa masu lambun bakin hanya wani wuri a ƙasan fadama. Aka gyaɗa kai. Sai na ce amma burtali sai an buɗe shi kamar yadda kakanninmu suka bar shi, kuma ba zan yi alkawarin hana dabba ruwa ba, domin ranar da aka rufe mashayar nan, jini za a zubar a kanta. Wurin ya yi tsit, har ina jin ƙarar inji daga can cikin fadama. Daga baya wani ya yi ihu, "Ba mu yi!" Sai kowa ya ɗauka. Aka fara watso ƙasa, wani hoge ya fashe a jikin motata. Kawu Magaji ya miƙe ya ɗaga hannu, ya matso kusa da ni yadda ni kaɗai zan ji.

"Ɗan ƙanwata, tuwon garin ga ka ci ka yi wayo. Tashi ka tahi tun ina iya riƙe su."

Maganar ta kai daji kamar yadda uwarku ta ce. Arɗo ya samu abin da zai riƙe yaransa da shi, uban ƙasa kuma ya sa aka buɗe 'yar hanya ta wucin gadi, shanu suna sha da rana tsaka ana tsaye a kansu. Ba a sake taɓa kowa ba. Amma a gida, in na gaishe da Inna da safe, "lahiya" kawai take cewa ta juya fuska. Yaya bai daina yawon neman ƙuri'a ba, sai dai ya daina shawara da ni.

Ranar zaɓe ta zo da zafin rana mai tsanani. A lokacin waya ba ta kai ƙauyukanmu ba, wakilanmu ne ke zuwa a kan babur su faɗi abin da aka ƙirga a rumfunansu. Muna zaune a shagon hatsin Yaya da ke bakin kasuwa, wanda ya zama ofishinmu. Zuwa la'asar na ci cikin gari, na ci ɓangaren Jabo, mun yi kusan kankankan a Sanyinna. Ina gaba, amma ba da nisa ba. Saura Tungar Alu. Da wakilinmu na can ya iso, tun kafin ya kashe babur na karanta fuskarsa. Ya ce garin kaf sun fito, har tsofaffin da ake riƙe wa hannu, kuma ƙuri'un da na samu ba su fi na mutanen gida ɗaya ba. Kowa a shagon ya yi lissafi a zuciyarsa ya sunkuyar da kai.

Yaya ya kama hannuna ya ja ni can ciki, bayan buhunan gero.

"Kwantar da hankalinka. Akwatin ga ba shi isowa."

Na ce ban gane ba. Ya ce motar da ta ɗauko akwati da takardar sakamako dole ta bi ta mashigin Rafin Gora, inda yashi ke kama taya. Ya riga ya tura Duna da yaransa can da galan na fetur. Duna ɗan dambe ne, shi ke jagorantar samarinmu. In akwati ya ƙone, za a soke zaɓen garin, ni ke da nasara. Na juya na tambayi wakilin nan ko motar ita kaɗai ta taso. Ya ce a'a, samarin Tunga suna rako ta a kan babura da sanduna da adduna, Bello ɗan Kawu Magaji ne a gabansu, domin sun ji ƙishin-ƙishin. Bello da ni mun yi wasan ƙasa tare a tsakar gidan kakanmu.

"Yaya, kashe juna za su yi."

"Ba mai mutuwa. Su ga wuta su watse."

"In ba su watse ba fa? Wa zai shiga ya gaya wa Inna?"

Idanunsa suka kaɗa suka yi ja. Ban taɓa ganin sa haka ba.

"Ni na ɗauko ka daga gindin itace kana koya ma mutane zuba taki. Na bar kasuwata, na ɓata da abokaina, na sha zagi saboda kai. Ka je ka zubar da garin uwarmu da bakinka, na yi shiru. Yanzu na samo maka mafita, kai kuma za ka koya min tsoron Allah? In ka fita ƙofar ga, Bube, ba ni ba kai."

Na tsaya ina duban sa. Gaskiya ce ya faɗa, duk ya yi waɗannan abubuwa, kuma ina son kujerar nan, kada wani ya ce muku ba na so. Amma a zuciyata na hango Bello kwance a yashi, na ga Duna kwance kusa da shi. Na tuɓe babbar rigata na ɗora a kan buhu, na karɓi makullin babur daga hannun wakilin, na fita. Yaya bai kira ni ba.

Hanyar na san ta kamar tafin hannuna. Da na gangara Rafin Gora na hango su cikin sabara dama da hagu, wasu sun rufe fuska da rawani. Ban tsaya ba, na ratsa yashin ina jan ƙafa na haye. Ban yi nisa ba na ci karo da motar, a-kori-kura ce, babura sun kewaye ta. Da samarin Tunga suka gane ni sai suka yi kaina. Sun ɗauka akwatin na zo ƙwacewa. Bello ya diro ya ɗaga gora.

"Ko kai na, wallahi ba ka taɓa shi!"

Na ɗaga hannuwana biyu na ce ba taɓawa na zo yi ba, rakiya na zo. Na ce akwai mutane a mashigi, kuma in suka ga ni a kan motar ba za su yi komai ba, amma da sharaɗi: su Bello su koma bayan mota, kowa ya sauke makaminsa ƙasa. Ya daɗe yana duban idona kafin ya sauke gorar. Malamin zaɓen wani malamin firamare ne, ya rungume takardunsa a ƙirji gumi yana zuba, ga ɗan sanda guda a gefensa. Na jingina babur a gindin wata kalgo, na hau bayan motar na zauna jikin akwatin, na cire hulata don kowa ya ga fuskata da kyau.

Muna shiga yashi motar ta yi gurnani ta nutse har gindi. Direba ya taka, taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Sai sabara ta motsa. Suka fito suna ihu, Duna a gaba da galan a hannu, murfin a buɗe, warin fetur ya cika wurin. A bayana na ji ƙarar adduna ana zarewa daga kube. Na miƙe tsaye a kan motar, na daka wa su Bello tsawa kada wanda ya motsa. Sannan na juya.

"Duna! Ka gane ni?"

Ya ja birki, na bayansa suka yi karo da shi.

"Honarabul, mi kaka yi nan? Sauka!"

"Ba ni sauka. In za ka zuba, zuba har da ni."

"Don kai fa muka wanga aiki! Sauka, don Allah!"

Wani daga baya ya yi jifa, dutsen ya fasa gilashin gefen direba. Wani ya ƙyasta ashana, iska ta kashe. Na ji Bello yana cewa a bar shi ya wuce. Na san in aka ƙara ƙiftawar ido biyu ba wanda zai iya tsayar da abin. Ban san daga inda maganar ta zo mini ba, na dai ji bakina yana cewa:

"In don ni kuka yi, to ga motata ta kafe. Ku zo ku tura."

Duna ya dube ni kamar na zare. Ya dubi galan ɗin hannunsa, ya dubi samarin Tunga. Sai ya mayar da murfin a hankali ya ajiye galan a yashi. Wasu daga cikin yaransa suka yi tsaki suka juya suna zagina, har da wanda ya tofa yawu wajena. Shi kuwa ya zagayo bayan motar ya sa kafaɗa. Mutum uku ko huɗu suka bi shi. Motar ta ƙi motsi. Sai Bello ya yar da gorarsa ya zo ya sa tasa kafaɗar kusa da ta Duna, ba wanda ya dubi wani. Aka yi kabbara, motar ta fita.

Kafin magariba muka shiga sakatariya. Mutane suka yi cirko-cirko suna kallona a bayan a-kori-kura, ba riga ba hula, ƙafafu duk yashi. Aka haɗa sakamako, aka sanar Alhaji Ladan ya ci. Na je na ba shi hannu. Babban ɗan sandan wurin ya ja ni gefe ya tambaye ni su wa na gani a mashigi. Na ce na ga waɗansu bayin Allah da suka tura mana mota. Ya dube ni ya sallame ni. Iyakar abin da ya shiga tsakanina da 'yan sanda ke nan, ban ambaci sunan wana ba a ranar, ban ambata ba bayanta.

Da na shiga gida Inna tana zaune a kan tabarmar sallarta. Na durƙusa na gaishe ta. Sai ta ce:

"An ce Bello da yaron wanka sun tura mota tare."

Na ce haka ne.

"Da yanzu ban san gidan da zan fara zaman makoki ba," in ji ta. "Tashi ka wanke ƙafafunka."

Ba a yi wata guda ba Yaya Mamman ya kwashe iyalinsa ya koma Jabo. Shi ya sa kuka tashi ba ku san 'yan'uwanku sosai ba. Jam'iyya ta ce na sayar da ita, da zaɓe ya sake zagayowa ko fam ba su bari na saya ba, ban kuma sake taka Majalisa ba sai a matsayin baƙo. Alhaji Ladan da ya hau bai rufe mashaya ba, domin ba shi da ikon rufewa. Uban ƙasa ne ya zauna da Kawu da Arɗo aka sake kafa iyaka. Na koma gonata. In mun haɗu da Yaya a jana'iza ko suna, sai mu yi musafaha kamar baƙi, ko a rasuwar Inna haka muka zauna tabarma ɗaya muna karɓar gaisuwa ba mu ce wa juna uffan ba.

Shekaru suka tafi a haka har auren yayarku Hadiza ya taso. Kun san ba uba ke ba da 'yarsa ba in yana da wa. Mutane suka ce in wakilta wani, na ce a'a. Na hau mota na tafi Jabo, na same shi a ƙofar shagonsa ya tsufa, gemu duk furfura, yana gyara bakin wani buhu. Na tuɓe takalmi na tsuguna a gabansa kamar yadda nake yi muna yara.

"Yaya, ɗiyarka ta samu miji. Na zo in ji ranar da ka sa."

Bai ɗago ba, ya ci gaba da ɗinkinsa har ya kai ƙarshe, ya ciji zaren ya tsinke.

"Har gobe ban yarda ka yi daidai ba, Bube."

"Na sani, Yaya."

Ya soke basillar a jikin buhu, ya matsa gefe ɗaya a kan bencin, ya share ƙurar wurin da tafin hannunsa.

"To tashi daga ƙasa. Ɗan gidan wane ne yaron?"